Ɗakin da Aka Gina da Shara

Tun daga bakin kogin da ke gaba da Kamba na daina gane abin da ake ciki. Kafin nan komai irin na gida ne, masu tallan ƙosai, 'yan acaɓa, kiran salla. Sai direba ya ce kowa ya sauka, wai mota ba ta tsallakawa, sai dai kwalekwale. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Na ƙara ɗaure Abba a bayana da zani na biyu, na runtse ido, injin yana ta tari kamar tsoho mai mura. Abba kuwa dariya yake yi wa ruwan. Lokacin ban yaye shi ba, bai daɗe da fara tsayuwa yana dafa bango ba.

Baban Abba ne ya aiko in zo. Da can a kamfanin gurzar auduga yake aiki a Funtuwa. Da aikin ya ja baya, gonarmu ta wajen Mahuta kuma ta zama ba a zuwa sai da fargaba, sai ya bi 'yan gwangwan zuwa Gana. Ya daɗe yana faɗi-tashi kafin ya samu wani aikin gini a Tamale. Ranar da ya kira ya ce, "Sa'ade, na yi mana ɗaki, da hannuna na gina shi," kafin la'asar duk layinmu an ji. Inna, surukata, ita ta dinga bi gida-gida tana cewa ɗanta ya yi gini a ƙasar waje.

Da za ta sallame ni, abu ɗaya ta yi ta nanatawa. "Ki raba yaron nan da juji. Duk inda kika ga an tara shara, ki canja hanya. Kin dai ga abin da ya faru." Ba sai ta ƙarasa ba. Kafin Abba na haifi mace, Ummi. Wata bazara jikinta ya yi zafi, ta yi ta jijjiga, kafin a samo mota ta cika. Matan unguwa suka ce iska ce ta jujin bayan gidanmu, inda nake ratsawa da ita a goye in zan je ɗiban ruwa. Ba wanda ya zage ni. Amma tun daga ranar ko ledar burodi na gani a ƙasa sai gabana ya faɗi.

A Malanbil, garin da ke tsallaken kogin, aka fara cutata. Muna fitowa daga kwalekwale wani mutum mai riga kamar ta ma'aikata ya tare ni, Hausarsa tas. Ya nuna ƙullin da ke kaina. "Hajiya, mene ne a ciki?" Na ce kayan miya ne. Ya ce kayan miya ba sa shiga ƙasar sai likita ya duba, ya karɓi ƙullin, ya ce in tsaya nan, yanzu zai dawo. Daddawar da Inna ta yi da hannunta ce, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yajin da na daka wa Baban Abba. Na tsaya a rana har inuwata ta koma ƙarƙashin ƙafata. Wata tsohuwa mai sayar da ruwan leda ce ta jawo ni rumfarta. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata. Ta fasa leda ɗaya ta wanke wa Abba fuska, ta nuna hanyar da mutumin ya bi, ta kaɗa hannu. Na gane. Na yi kuka a kan daddawa kamar an yi mini mutuwa, ina jin kunyar kaina, na kasa dainawa.

A Jugu mota ta tsaya, direba ya kashe ta ya fara sauke kaya. Ɗan kamashon da ya sa ni a ciki ya rantse mini har Tamale za ta kai ni. Na yi ta nuna wa direban takardar da ɗan kamashon ya ba ni, yana ta yi mini Faransanci yana ɗaga kafaɗa. Wayata ta riga ta mutu, ba caji ba, layin ne ya daina. Kuɗin hannuna an canja mini su zuwa wasu masu launi, ban san wanne ne babba ba, in zan sayi abu sai in buɗe tafin hannu mai kaya ya ɗauka.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo Basakkwace mai jan motar albasa. Ya ji ina yi wa Abba magana ya juyo. "Ɗiyata, ke da wa?" Na ce ni kaɗai. Ya yi salati. Ya sa yaron motarsa ya koma saman buhuna, ya ba ni gaba. Ya ara mini wayarsa na kira Baban Abba, a kashe. Na sake kira da muka kai garin Kara, a kashe. Dattijon ya ce hanya ce, wani lokaci ba layi. Ni kuwa na riga na fara tunani iri-iri. Har muka shiga Tamale warin albasa bai bar zanina ba, na kwana biyu ina jin sa a jikin Abba.

Zafin Tamale ban san da me zan kwatanta shi ba. Mu ma muna da bazara a Funtuwa, amma tamu tana sassautawa da yamma. Can ko iska ta taso, kamar an buɗe tanda ne a fuskarka.

Baban Abba ya taɓa ce mini in na iso in nemi Mma Memuna mai shinkafa da wake a zango. Na same ta, doguwa, mai murya kamar ta namiji, Hausarta wata iri, sai na kasa kunne nake ganewa. Ta dube ni ta dubi Abba. "Ke ce matar Lawal? To ai ga kansa nan a goye." Ta zuba mini abinci, ta bar 'yarta a bakin tukunya, ta tare keke mai ƙafa uku ta ce mu je in ga gidana.

Muka fita bayan gari. Keke ya tsaya a wani fili, na leƙa, na ce wa Mma Memuna mai keken ya yi ɓatan kai. Tsibin gorunan ruwa da na lemo ne ya fi tsayina. Can gefe tsofaffin tayoyi. Ga karyayyun ƙofofi an jingine, ga tagogin mota, ga buhunan fasassun tayil, ga kwalabe. Mata suna zaune a inuwar bishiyar bedi kowacce da gora a hannu tana cusa mata ƙasa da guntuwar sanda. Na ja zani na rufe kan Abba, bakina yana ta a'uzubillahi.

"Sauko mana," in ji Mma Memuna.

Wata mata gajera ta taso tana kakkaɓe hannu. "Maraba da 'yan Funtuwa, masu ganin kansu 'yan birni!" Jin Hausar gida ya sa na kusa faɗuwa. Sunanta Talatu, Kirista ce daga wani ƙauye na wajen Malumfashi, mijinta magini ne a wurin. Ita ta gaya mini Baban Abba ya bi motar aiki zuwa Kumasi, za su kwaso ƙofofi da katakon wani gida da ake rushewa, wayarsa kuma ta faɗa cikin kwaɓin ƙasa tun kafin ya tafi. Ta ce makarantar koyon sana'a ake ginawa, an bar ma'aikata su yi ɗakunansu a gefe. Ta ciro makulli daga bakin zaninta. "Kullum sai ya ce in kin zo in ba ki. Zo ki ga fadarki."

Ɗaki ne zagayayye. Daga ƙasa tayoyi ne aka jera aka danƙare da ƙasa. Daga nan zuwa sama gindin goruna ne, jere bisa jere, ba a gama yaɓe bayan ba, duk suna kallona kamar idanu. Ƙofar shuɗiya ce, da sauran lambar wani gida a jikinta. Tagar kuwa ta bas ce, har da robarta.

Na ce, "Ina ɗakin?"

Talatu ta ce, "Ga shi kina kallo."

"Wannan ai juji ne."

Matan suka tambayi abin da na ce, ta fassara musu, suka kwashe da dariya har wata tana dukan cinya. Ni ban ga abin dariya ba. Abin da ke raina, wannan ne Inna ke yawo da shi a Funtuwa? Mijina ya zauce ne, ko cutarsa aka yi aka biya shi da shara? Kuma a nan ake so in kwantar da Abba? Ko makullin ban karɓa ba. Na koma cikin keke na zauna.

Mma Memuna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce akwai wani ɗan shago a bayan gidanta da ba kowa, in zauna kafin mijina ya dawo. Kwano ne sama da ƙasa, bango kwano, rufi kwano, sabo fil yana ƙyalli, daɓen siminti. Na share shi na goge. Na ce alhamdulillahi, wannan shi ne ɗakin mutane.

Da safe nakan bar Abba wurin Mma Memuna in je filin in ji ko akwai labarin motar Kumasi. Zaman jira ya sa Talatu ta miƙo mini gora da sanda. "Hannunki ba ciwo yake ba." Ta nuna mini yadda ake yi. Sai an wanke gorar ta bushe. Ƙasar ma busasshiya, an tankaɗe ta. Ki zuba kaɗan ki daddanna, ki ƙara, har sai kin matsa gorar da yatsa ta ƙi lotsawa, sannan ki rufe. In kin yi ha'inci magini zai gane, yana ɗagawa zai jefo miki abarki. Maginan su kwantar da su a kan kwaɓi, baki ciki gindi waje, su bi wuyan da igiya su ɗaure kowacce da 'yar'uwarta. Na ga wani ƙato ya hau kan gora ɗaya yana tsalle, ko gezau.

Mai kula da aikin wata yarinya ce, ba ta fi ni shekaru ba, da hular kwano a kanta, Injiniya suke ce mata. Ta zo ta tsuguna kusa da ni tana magana, Talatu na fassarawa. Wai gorunan nan su ke toshe magudanan gari, ruwa ya shiga gidaje, in an ƙona su hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. Wai siminti tsada, kuma yana riƙe zafi. Sai ta tambaya me ya sa ɗakin Lawal yake a rufe. Talatu ta ce, "Wai aljanu take tsoro." Na dunguri Talatu. Injiniya ba ta yi dariya ba, ta dai ce ita ba a koya mata wannan a makaranta ba. Na rasa ko ba'a ce.

Duk ranar da na dawo sai na wanke hannu har gwiwar hannu, na canja zani, na yi addu'a, kafin in taɓa Abba.

Duk da haka ya fara. Ƙuraje suka feso masa a wuya da baya. Ya daina dafa bango, don in ya taɓa kwanon sai ya tsandara ihu. Sai zawo. Sai ya kama nono ya saki. Na ce shi ke nan, na kwaso masa a jikina. Na daina zuwa filin. Na shige da shi ɗakin kwano na ja ƙofa, na toshe ƙasanta da tsumma kada wata iska ta biyo mu. Mma Memuna tana buga ƙofa tana cewa in fito da yaro ya sha iska, ni kuwa kalmar iskar ce ma ba na son ji. Ina zaune gumi yana bin bayana, ina yi masa fifita da murfin kwano, ina karanta duk abin da na iya.

Ranar da na shafa kansa na ji maɗigarsa ta faɗa, ya yi kuka ba hawaye, sai na ga fuskar Ummi. Na fito da gudu ba ko mayafi.

Talatu ta zo duba ni ke nan. Ita da Mma Memuna suka sa ni a keke sai asibiti. Aka sa masa ruwa a hannu, aka ba shi magani. Nas ɗin, wata mai tabarau, ta yi ta tambaya Talatu na mayar mini. Me yake ci, wane ruwa yake sha, a ina yake kwana. Da Mma Memuna ta kwatanta mata ɗakin, da yadda nake rufe ƙofa da rana tsaka, sai ta cire tabarau ta dube ni. Ta yi magana mai tsawo.

"Me ta ce?"

Talatu ta ce, "Ta ce ruwan jikinsa ne ya ƙare, ga zawo ga zafi. Za su sallame ku gobe, ki yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari da nono. Amma in kika mayar da shi cikin kwanon nan, ba ta ce za ki sake kawo shi da rai ba."

Na ce, "To ba juji ba ne?"

Talatu ba ta fassara wannan ba.

Washegari da azahar muka fito. Ɗakin Mma Memuna shi ma rufin kwano ne, ga jikoki cike. Ban san kowa ba a garin. Ban ce a kai ni filin ba, ban kuma ce kada a kai ni ba. Keke dai ya tsaya a gindin bedin nan.

Na tsaya a gaban shuɗiyar ƙofar, Abba a kafaɗata kamar tsumma. A kunne ɗaya muryar Inna, a ɗayan muryar mai tabarau. In na shiga wani abu ya same shi, me zan ce wa Inna, bayan ta gaya mini? In na koma kwano wani abu ya same shi, me zan ce wa ubansa? Ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Mma Memuna ta ce, "Ke yarinya, gorar da kika sha ruwa a mota, kina ajiyewa aljani ya shige?"

Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba.

Talatu ta daina wasan da ta saba. Ta ce, "Sa'ade, ni ba malama ba ce, ba zan ce miki akwai ko babu ba. Yarana uku a irin ɗakin nan suke kwana. Sa hannunki a bangon kawai."

Na sa. Rana tana tsakiyar ka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, bangon nan kuwa ɗumi-ɗumi kawai.

"Yi bismilla ki shiga da ƙafar dama," in ji Mma Memuna. "Ko a gidan sarki ai haka ake yi."

Talatu ta sa makulli ta buɗe ƙofar. Na yi bismilla ta fi a ƙirga. Na shiga.

Sanyi ne ya fara taɓa mini fuska, irin na gindin randa. Daga ciki ba ka ganin gora ko ɗaya, an yaɓe an shafe sumul. Ƙanshin ƙasa ne, sak ɗakin kakata a Mahuta, wanda muke gudu mu shige in rana ta yi zafi. Daɓen fasassun tayil ne, fari da ja da mai fure, an jera su kamar zanen tabarma. Sama an yi rufi da tsofaffin buhuna, Talatu ta ce ƙaiƙayin shinkafa ne a ciki, shi ke tare zafin kwanon. Can kusa da rufi an saka kwalabe a bango, rana ta ratso ta cikinsu ta zuba kore da ruwan zuma a ƙasa.

Na nuna su. "Ba na giya ba ne? A nan zan yi salla?"

Talatu ta yi dariya. "Mijinki! Ɗaya bayan ɗaya ya dinga shinshina su yana warewa, har maginan suka sa masa suna Kwastan. Duk na lemo ne."

A jikin bango ya yi 'yan ramuka na jera kwanuka, daidai tsayina, ba nasa ba. Na zauna a kan tabarma. Na ɗiga wa Abba ruwan gishiri da sukari a cokali, ya haɗiye. Na ƙara, ya haɗiye. Can ya lalubo nono da kansa, ya kama, bai saki ba. Yana sha yana kallon koren hasken nan a ƙasa har idonsa ya rufe. Na sa kunne a ƙirjinsa. Na ɗaga, na sake sawa. Barci ne, barci na gaske, wanda rabonsa da shi tun Jugu.

Ban yi murna nan da nan ba. Zama na yi ina kallon bango, na san abin da ke cikinsa, ina jira. Har la'asar ba abin da ya fito. Sai wani tunani ya zo mini, cewa ɗakinmu na Funtuwa ma rufin kwano ne ba silin, kuma Ummi da bazara ta tafi. Na kore shi. Har yau in ya zo korarsa nake yi, don ban san inda zan ajiye shi ba.

Baban Abba ya dawo bayan kwanaki, a saman mota, zaune kan tulin ƙofofi, ya yi baƙi ya rame. Ya tarar da Abba yana dafa bangon yana zagaya ɗakin. Ya ce, "Ya kika ga ginin?" Na ce, "Da ka gaya mini da abin da ka yi shi." Ya ce, "Da kin zo?" Na ce masa dai an sace yajinsa a Malanbil.

Da yamma ya ari wayar mijin Talatu muka kira gida. Bayan gaisuwa Inna ta ce a ba ta ni.

"Sa'ade, kin ga ɗakin? Na bulo ne?"

Na dubi bangon. Na ce, "Na ƙasa ne, Inna."

"Na ƙasa? Duk tafiyar nan? To, Allah ya sa albarka, kada dai ki faɗa wa mutane. Kina dai raba yaron da juji ko?"

Baban Abba yana kallona.

"Sa'ade? Kina jina? Ina yaron, ban ji motsinsa ba?"

Na ce, "Yana barci, Inna."